Me ya sa wani littafi ya rubuta n + iκ, wani kuma n − iκ?

Malam, ka rubuto cewa ka ɗauko alƙaluman zinariya daga jadawali, n = 0.18 (mai nuna lanƙwasar haske) da κ = 3.43 (mai nuna shanye haske) a tsawon zango nanomita 633, ka zuba su a manhajar da ka rubuta don lissafa hasken da siririyar shimfiɗar ƙarfe ke mayarwa. Da ka ba shimfiɗar kaurin nanomita 200, sai manhajar ta ce kashi 106 cikin 100 na hasken ya dawo. Ka koma littattafai neman inda ka kuskure, ka tarar wani marubuci ya rubuta ma'aunin lanƙwasar haske a matsayin n + iκ, wani kuma n − iκ. Kana tambaya wanne ne daidai, kuma ko wannan saɓanin ne ya jawo maka 106 ɗin.

Dukansu daidai ne, kuma ƙwarai, saɓanin ne ya jawo. Alamar da ke tsakanin n da κ ba ta da ma'ana ita kaɗai. Tana tafiya ne da wata alamar da marubucin ya riga ya zaɓa tun a shafukan farko, wato yadda ya rubuta lokaci a cikin igiyarsa. Kai ka ɗauki ma'aunin daga gida ɗaya, ka ɗauki igiyar daga wani gidan.

Bari mu fara daga abin da ake iya aunawa. Ƙarfin lantarki da ke kaɗawa a cikin haske lamba ce ta zahiri, babu i a cikinta. Igiyar da ke tafiya gaba a kan layin z ana rubuta ta

E = E₀ cos(kz − ωt)

inda ω ke nuna saurin kaɗawa, k kuma yana nuna yadda igiyar ke maimaituwa a sarari. Mu ne muka shigo da lambobi masu ɗauke da i, wato tushen murabba'in −1, saboda lissafi da exp ya fi lissafi da cos sauƙi nesa ba kusa ba. Muna rubuta exp(iθ) = cos θ + i sin θ, mu yi aikinmu, a ƙarshe mu ɗauki sashen zahiri. To amma cos θ da cos(−θ) abu ɗaya ne. Saboda haka exp[i(kz − ωt)] da exp[i(ωt − kz)] duk igiya ɗaya suke bayarwa idan an ɗauki sashen zahirinsu. Babu wani gwaji da zai bambanta su. Zaɓi ne na mai rubutu, kuma mutane sun rabu gida biyu a kansa.

Gida na farko, wanda yawancin masana fiziks ke ciki, yana rubuta lokaci da exp(−iωt). Igiyar da ke tafiya gaba ita ce exp[i(kz − ωt)]. A cikin abu, k ya zama ñk₀, inda ñ shi ne ma'aunin lanƙwasar haske, k₀ = 2π/λ₀, λ₀ kuma tsawon zango a sarari marar komai. Zuba ñ = n + iκ ka gani:

exp[i(n + iκ)k₀z] = exp(ink₀z) · exp(−κk₀z)

Sashe na biyu yana raguwa yayin da z ke ƙaruwa, matuƙar κ na sama da sifili. Abin da muke nema ke nan daga abu mai shanye haske.

Gida na biyu, na injiniyoyin lantarki da sadarwa, yana rubuta lokaci da exp(+jωt), igiyar da ke tafiya gaba kuwa exp[j(ωt − kz)]. Yanzu sashen sarari yana ɗauke da alamar ɗebewa, don haka dole ma'aunin ya zama n − jκ kafin a samu raguwa:

exp[−j(n − jκ)k₀z] = exp(−jnk₀z) · exp(−κk₀z)

Ka lura da ƙarshen layukan biyu. Raguwar iri ɗaya ce, κ ɗin ma ɗaya ne, 3.43 a nan, 3.43 a can, sama da sifili a gidajen biyu. Ƙarfin haske yana tafiya da murabba'in girman kaɗawa, don haka yana raguwa kamar exp(−αz), da α = 4πκ/λ₀, kuma wannan α ba ruwansa da gidan da kake. Ga zinariya a nanomita 633, 1/α ya kama wajen nanomita 15. Ga silikon a wannan zangon, inda n yake wajen 3.88 kuma κ wajen 0.02, ya kama mikromita biyu da rabi zuwa uku. Ga tsaftataccen ruwa a nanomita 500, κ yana wajen 10⁻⁹, haske ya yi tafiyar mita gommai kafin ya ragu sosai. Jadawalin da ya ba ka n da κ a ginshiƙai biyu bai ɗaure ka da kowane gida ba. Ɗaurin yana zuwa ne a lokacin da ka haɗa su su zama lamba ɗaya.

Kowane gida yana da hujjarsa. Injiniya yana son matakin kaɗawa ya riƙa ƙaruwa da lokaci, yana son bambantawa da lokaci ta zama ninkawa da jω, yana son turjiyar naɗin waya ta fito R + jωL. Tun lokacin da Charles Steinmetz ya gabatar da amfani da irin waɗannan lambobi a lissafin wutar da ke sauya alƙibla a 1893, harafin j suke amfani da shi, saboda i ya riga ya zama na kwararar lantarki. Masanin fiziks kuwa ya fi damuwa da sarari, yana son igiyar da ke tafiya gaba ta zama exp(+ikz), kuma lissafin Schrödinger na 1926 ya saba masa da exp(−iEt/ħ). Ni kaina a aikin haske na fi son exp(−iωt), saboda a cikinsa duk abin da ke shanye makamashi sashensa na i yana sama da sifili, ba sai na riƙa tuna wata alamar ɗebewa ba. Amma wannan sabo ne, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Yanzu ga yadda 106 ɗinka ya fito, don na ga abin ya fi ba ka mamaki, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Mutum zai yi tsammanin idan alamar ta juye, igiyar za ta haɓaka maimakon ta ragu, lissafin ya fashe da wata ƙatuwar lamba da kowa zai gane kuskure ce. Da igiya ɗaya ce ke tafiya a cikin ƙarfen, haka za a yi: a kaurin mikromita ɗaya kawai za ka samu exp(68), lamba mai sifili kusan talatin. To amma a shimfiɗa igiyoyi biyu ne, mai zuwa da mai dawowa, kuma jimillar abin da ya dawo ita ce

r = (r₁₂ + r₂₃X) / (1 + r₁₂r₂₃X)

inda r₁₂ yake na fuskar sama, r₂₃ na fuskar ƙasa, X kuma shi ne abin da ya sami igiyar a zuwa da dawowa cikin shimfiɗar. Idan alamomi sun dace, girman X shi ne exp(−αd), inda d yake kaurin shimfiɗar. A nanomita 200 na zinariya αd ya kama 13.6, X ya zama kusan ɗaya cikin miliyan, r ya koma r₁₂ kawai, kamar yadda hankali ya nuna: hasken bai ma isa fuskar ƙasa ba. Idan hasken ya sauka a miƙe daga iska, kason da ya dawo shi ne

R = [(n − 1)² + κ²] / [(n + 1)² + κ²]

wanda ga alƙalumanka ya ba da 0.945. Idan kuwa alamomin sun saɓa, X ya zama exp(+13.6), sama da dubu 800. Sai sassan da ke ɗauke da X su rinjayi komai a sama da ƙasa, r₂₃X ya soke, abin da ya rage shi ne 1/r₁₂. Tunda R murabba'in girman r ne, ɗaya a raba da 0.945 ya ba da 1.058. Ga 106 ɗinka nan.

Abin da ke damuna da wannan kuskuren shi ne yadda yake ɓuya. Layin R da na rubuta a sama κ² ne kawai a cikinsa, don haka duk gwajin da ka yi da fuska ɗaya zai wuce lafiya ko da alamar a juye take. Gwaji da gilashi marar shanye haske ma zai wuce, tunda κ sifili ne. Kai ka yi sa'a zinariya tana mayar da kusan dukkan haske, kuskuren ya tsallake 100 ka gan shi. Da shimfiɗar siririya ce ƙwarai, ko abin yana shanye haske kaɗan, da za ka samu lamba ƙasa da ɗaya, mai kama da gaskiya, ka ci gaba da gini a kanta. Na taɓa duba aikin wani ɗalibi da ya yi watanni yana daidaita kaurin shimfiɗa da ma'aunin da ke juye, zanen yana hawa kan abin da ya auna ba laifi, kaurin da yake samu ne kawai ya ƙi dacewa da abin da wata na'urar ta nuna.

Ana yawan ba da wata gajeriyar dabara: ka sa j = −i, sai ka tsallaka daga gida zuwa gida. Dabarar tana aiki, domin duk wata lamba a gida ɗaya ita ce ta ɗaya gidan idan an juya alamar i a ko'ina. Amma kada ka dogara da harafin wajen gane gidan marubuci. Akwai masana fiziks da yawa da ke rubuta i amma lokacinsu exp(+iωt) ne. A laccocinsa Feynman haka ya yi, ma'auninsa kuma ya fito da alamar ɗebewa. A fagen warwatsuwar haske daga ƙananan ƙwayoyi, littafin van de Hulst na 1957 yana kan exp(+iωt), na Bohren da Huffman na 1983 yana kan exp(−iωt), kuma mutane suna kwafo layuka daga duka biyun su zuba a manhaja ɗaya. Masu auna siraran shimfiɗu da elifsometiri sun zauna a taronsu na Nebraska a 1968 suka daidaita a kan n − ik, masu tsara rufin madubai da tabarau ma galibi haka suke rubutawa. A hasken X za ka ga n = 1 − δ + iβ a wani wuri, n = 1 − δ − iβ a wani, da β sama da sifili a duka.

Akwai kuma wani tarko da ba na alama ba amma yana zaune kusa. Born da Wolf sun rubuta ma'aunin ƙarfe a matsayin n(1 + iκ). A wannan rubutun κ ɗinsu shi ne namu a raba da n, wato ga zinariyarka zai kama 19 maimakon 3.43. Duk tsohon rubutun da ka ɗauko, ka duba wannan ma.

Idan marubuci bai faɗi tsarinsa ba, kuma da yawa ba sa faɗa, akwai wuraren da yake tona kansa. Wanda na fi dubawa shi ne inda ya shigo da gudanar lantarki σ. Lissafin Maxwell ya ce ∇×H = σE + ε ∂E/∂t. Da exp(−iωt), bambantawa da lokaci ta zama −iω, gefen dama ya zama −iω(ε + iσ/ω)E, don haka ε, ma'aunin yadda abu ke amsa filin lantarki, ya samu sashen i mai alamar tarawa: ε′ + iε″. Da exp(+jωt) sai ya fito ε′ − jε″. Wannan ya dace da ñ² = ε, wanda ya ba da ε′ = n² − κ² da ε″ = 2nκ. Zinariyarka ta zama −11.7 + 1.2i a wurin masanin fiziks, −11.7 − 1.2j a wurin injiniya. Ruwa a gigahaz 2.45 ya kama wajen 78 da 10, ka sa alamar gidanka a tsakani. Zafin da ke fita a kowane ma'aunin girma shi ne ½ωε₀ε″|E|², kuma ε″ a nan sama da sifili yake a gidajen biyu. Sauran wuraren su ne igiyar da ke fita daga tushe, exp(ikr)/r ko exp(−jkr)/r; aikin Hankel da ya ɗauka a matsayin mai fita, na farko ko na biyu; da kuma samfurin Drude na ƙarfe, ko ƙasan layin ω² + iγω ne ko ω² − jγω. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa, amma ka duba biyu, don akwai takardun da su kansu sun gauraya.

Ko da ka daidaita duk wannan, akwai inda gizo ke saƙa a karo na biyu, kuma manhajarka za ta isa wurin da zarar ka karkata hasken. A nan za ka buƙaci sashen k da ke kan layin z, inda θ yake kusurwar saukar haske, n₁ kuma ma'aunin abin da hasken ya fito daga cikinsa:

k_z = k₀ √(ñ² − n₁² sin²θ)

Tushen murabba'i amsa biyu gare shi, kwamfuta kuma ɗaya take ba ka, wadda sashenta na zahiri ba ya ƙasa da sifili. Ita ba ta san komai game da makamashi ba. Ɗauki haske daga gilashi mai n = 1.5 zuwa iska a kusurwar digiri 60, wadda ta wuce digiri 41.8 inda hasken ke daina fita. Abin da ke cikin tushen ya zama 1 − 1.6875 = −0.6875, amsar ita ce 0.83i ko −0.83i. Kwamfuta za ta ba ka ta farko. A gidan exp(+ikz) wannan daidai ne, igiyar ta ragu a cikin iska, a nanomita 633 tana faɗuwa cikin tazarar wajen nanomita 120. A gidan exp(−jkz) wannan amsar tana haɓaka ba iyaka, ta biyun ce daidai. Kuma a nan ma kuskuren ɓuya yake, domin girman r ɗaya ne cif ko wacce ka ɗauka. Matakin kaɗawa ne kawai ke juyewa, sai gocewar da Goos da Hänchen suka auna a 1947 ta fito ta baya, bambancin mataki tsakanin alƙiblolin kaɗawa biyu ma ya juye. Wani abin da ya taɓa cinye min yini guda: a harsunan kwamfuta da yawa sifili yana da alama, tushen −1 + 0i ya ba da +i, tushen −1 − 0i ya ba da −i. Wato amsar tana iya dogara da yadda aka yi wani lissafi can baya har sifilin ya samu alamarsa. Saboda haka kada ka bar wa kwamfuta wannan zaɓin. Bayan ka ɗauki tushen, ka duba alamar sashen i, idan ba ta ba da raguwa a gidanka ba, ka juya lambar gaba ɗaya.

Ka ji na ce gaba ɗaya, wato sashen zahiri da sashen i tare. Dalilin yana fitowa fili a abubuwan da ma'auninsu ke ƙasa da sifili, waɗanda Veselago ya yi nazarinsu a 1967, Shelby da Smith da Schultz kuma suka nuna a gwaji da igiyoyin maikurowef a 2001. A can ε da μ, takwaransa na maganaɗisu, waɗanda ninkinsu ke ba da ñ², duka sashensu na zahiri yana ƙasa da sifili, sashensu na i kuma yana sama da sifili a tsarin fiziks, tunda suna shanye makamashi. Ninka (−a + ib) da (−c + id), sashen i na sakamakon ya fito −(ad + bc), ƙasa da sifili. Tushen da kwamfuta za ta ba ka shi ne n − iκ, mai kama da abu mai ƙara wa haske ƙarfi. Amsar gaskiya ita ce ɗaya tushen, −n + iκ. Ma'aunin da ke ƙasa da sifili daga wannan zaɓin ya fito: makamashi yana tafiya gaba yana raguwa, matakin kaɗawa yana tafiya baya. Alƙalin da ke raba gardama a duk waɗannan wurare ɗaya ne. A cikin abin da ba a ba shi makamashi daga waje, igiya dole ta ragu a alƙiblar da makamashi ke tafiya.

Wannan sharaɗi na "ba a ba shi makamashi daga waje" shi ya sa nake hana ɗalibai wata gyara da ke zuwa musu da sauri, wato su cire alamar κ su tilasta masa zama sama da sifili a ko'ina. A cikin lesa, inda ake tura makamashi daga waje, κ yana ƙasa da sifili da gaske, haske yana ƙaruwa yayin da yake ratsawa, R + T, wato kason da ya dawo da kason da ya ratsa, ya wuce ɗaya ba tare da an karya wata doka ba. Alamar tana ɗauke da labari game da abin. Manhajarka ba ta yi ƙarya ba, ta lissafa maka wani ƙarfe mai ƙara haske wanda babu shi.

Akwai wata ƙofar da tsarin ke shigowa ba tare da ka gayyace shi ba, ita ce juyin Furiye. Duk lokacin da ka auna sigina a lokaci ka mayar da ita zuwa saurin kaɗawa, ka zaɓi gida. Juyin da ke cikin NumPy da MATLAB yana ninkawa da exp mai alamar ɗebewa a zuwa, wanda ke nufin yana harhaɗa siginar daga guntayen exp(+jωt). Tsarin injiniya ke nan. Jinkirin τ yana fitowa a matsayin exp(−jωτ), na'urorin auna da'irar maikurowef ma haka suke nuna mataki. Mai auna abu da bugun terahaz yakan fitar da ma'auni daga n = 1 + cφ/(ωd), inda φ shi ne jinkirin mataki. Idan ya ɗauki φ daga juyin kwamfuta ya zuba a layin da aka rubuta don ɗaya gidan, zai samu 2 − n a maimakon n. Silikon, wanda ma'auninsa a terahaz yake 3.42, zai fito −1.42. Duk wanda ya ga ma'auni ƙasa da sifili daga abu na yau da kullum, nan ya kamata ya fara dubawa.

A ƙarƙashin wannan duka akwai dokar cewa sakamako ba ya riga sanadi. Samfurin Lorentz a tsarin fiziks yana da ω₀² − ω² − iγω a ƙasan layi, wuraren da yake zama sifili suna da sashen i na −γ/2, kuma idan ka zuba wannan a exp(−iωt) ka samu exp(−γt/2), kaɗawar da ke mutuwa bayan an buga. A tsarin injiniya wuraren suna komawa rabin sama na filin lambobi. Dangantakar Kramers da Kronig, ta 1926 da 1927, wadda ke haɗa n da κ, daga nan ta fito, kuma idan an rubuta ta da κ ko ε″ masu sama da sifili, siffarta ɗaya ce a gidajen biyu. Wanda ya zuba samfurin da ke juye a manhajar da ke bin igiya taki-taki cikin lokaci zai ga filin yana haɓaka har lambobi su cika.

Abubuwa biyu kuma suna kama da wannan matsalar amma daban suke, gara ka raba su tun yanzu. Na farko shi ne haske mai juyi. Jerin (1, i) yana juyawa ta hannu ɗaya da exp(−iωt), ta ɗaya hannun da exp(+iωt), wannan kam ɗan gidan matsalarmu ne. Amma a kansa akwai wani saɓanin na suna: injiniyoyin eriya suna kiran juyi dama ko hagu suna kallon inda igiyar ta nufa, yawancin littattafan haske kuma suna kallon inda ta fito. Juyi biyu ne masu zaman kansu, wani lokaci su soke juna, mutum ya samu amsa daidai bisa kuskure biyu. Na biyu shi ne alamar r_p a lissafin Fresnel (p kaɗawa ce a cikin shafin da haske ke sauka ya dawo, s kuma a gicciye da shi), wadda ta dogara da alƙiblar da ka kira gaba ga filin igiyar da ta dawo. Wasu suna samun r_p = r_s idan haske ya sauka a miƙe, wasu r_p = −r_s. A elifsometiri, inda ake auna r_p/r_s = tan Ψ exp(iΔ), sauya tsarin lokaci yana mayar da Δ zuwa 360° − Δ, sauya alƙiblar p kuma yana ƙara masa 180°. Idan Δ ɗinka ya ƙi dacewa da na na'ura, siffar bambancin za ta gaya maka wanne ne daga cikin biyun.

Game da manhajarka, ka buɗe ta ka nemo layin da ke lissafa X, ko matakin da igiya ke samu a cikin shimfiɗa. Idan exp(+2iβ) ne, inda β a nan yake matakin ratsa shimfiɗar sau ɗaya, ma'auninka ya zama n + iκ. Idan exp(−2iβ) ne, ko kuma jadawalin lissafi (matrix) na shimfiɗarka yana da +i sin β a kusurwoyinsa kamar yadda masu tsara rufi ke rubutawa, ya zama n − iκ. Wuri ɗaya za ka gyara, ko ma'aunin ko igiyar. Idan ka gyara duka biyun ka koma inda ka fito. Shawarata ita ce ka adana n da κ a matsayin lambobi biyu na zahiri, ka haɗa su a wuri ɗaya tak cikin manhajar, ka rubuta tsarin lokacin a saman fayil ɗin da kuma a farkon duk rahoton da za ka fitar, domin wanda zai karanta bayanka.

Sannan ka gwada da abin da ba ya ɓoye kuskure. Zinariya ta nuna maka kashi shida ne kawai a sama da ɗari, silikon ya fi ta tona asiri. Ba shi kaurin mikromita 50 a nanomita 633, da n = 3.88 da κ = 0.02, haske a miƙe daga iska. Amsar daidai ita ce R wajen 0.35, T kusan sifili. Idan alamar tana juye za ka ga 2.87. Bayan wannan ka mayar da zinariyarka ta nanomita 200, ka tabbata ta ba da 0.945, ka riƙa rage kaurin zuwa 50, zuwa 20, zuwa 5, kana duba cewa 1 − R − T bai taɓa sauka ƙasa da sifili ba. Daga nan ka karkata hasken daga gefen gilashi ya wuce digiri 41.8, da shimfiɗar zinariya ta wajen nanomita 50 da kaɗawar p: ya kamata ka ga R ya yi wata zurfafan faɗuwa a 'yan digirori kaɗan bayan kusurwar, inda hasken ke tayar da igiyar lantarki a fuskar ƙarfen. Idan a wurin ka ga tudu ya haura ɗaya maimakon rami, ma'aunin ne har yanzu a juye. Idan kuwa layin ya tafi sumul babu ramin, tushen k_z na gefen iska za ka koma ka duba.